Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Aikin Hunturu a Ofishin Besbol

Wasan besbol na Amurka yana tsayawa cak a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, da zarar an kammala World Series, karawar da ke fitar da zakaran shekara. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, kowacce ta buga wasa 162 tun daga ƙarshen Maris. 'Yan wasa su tattara sanduna da safar hannu su nufi gida, wasu Texas, wasu Jamhuriyar Dominika, wasu Japan. A biranen arewa irin su Chicago da Minneapolis, ba a jimawa dusar ƙanƙara ta lulluɓe filin. 'Yan kallo su koma ɗaki suna jin ɗumi, suna musun wa za a saya, wa za a kora. Musu ba ya cin ko sisi, kuma ba a tuhumar kowa a kansa. Amma a cikin ginin filin akwai ofishin da fitilarsa ba ta mutuwa da wuri a wannan lokaci. Ofishin babban manaja ne, mutumin da ba ya jifa, ba ya bugu, ba ya ma zama a benci ranar wasa, amma shi ke yanke wa za a tarar a filin in bazara ta dawo.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a dunƙule. Mai jifa yana tsaye a tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa. Mai bugu ya maka mata sanda, ya ruga yana bin tashoshi huɗu, kuma duk wanda ya kammala zagayen ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Kasuwar 'yan wasan kuwa ta bambanta da ta ƙwallon ƙafa da muka sani. Ba kasafai ƙungiya ke biyan wata kuɗi don ta saki ɗan wasa ba. Ko dai a yi musaya, mutum da mutum, ko a jira wa'adinsa ya cika ya zama 'yantacce, ya sayar da aikinsa ga wanda ya ga dama.

Wannan 'yanci ba da shi aka fara ba. Kusan shekara ɗari, kowace kwangila tana ɗauke da wani sharaɗi da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa har sai ita ta gaji da shi. A 1969 St. Louis Cardinals ta miƙa Curt Flood ga Philadelphia, ya ce ba inda za shi, shi ba kaya ba ne da za a sayar. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1972, kuma sana'arsa ta tafi ke nan. Sai a Disamban 1975 wani alƙalin sasanci, Peter Seitz, ya yanke cewa masu jifa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, da suka buga shekara guda ba tare da sa hannu a sabuwar kwangila ba, ba su da sauran igiya a wuya. A 1976 shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, Marvin Miller, ya zauna da masu ƙungiyoyi aka tsayar da ƙa'idar da ake bi har yau: ka yi shekara shida a babbar gasa, ka samu 'yancinka.

Shi ya sa makamin farko na babban manaja kalanda ce. Shekara a nan ba wata goma sha biyu ba ce, kwana 172 ce a cikin jerin 'yan wasan babbar gasa, alhali kakar tana ɗaukar kwana 180 da ɗoriya. Kowane ɗan wasa yana da lissafinsa na shekara da kwana, ana rubuta shi kamar bashi. Shekara uku na farko, ƙungiya ce ke yanka masa albashi, kuma galibi bai wuce mafi ƙarancin da doka ta tsayar ba, wanda a 2024 ya kama dala 740,000. Shekara uku na biyu, yana da damar kai kukansa gaban alƙalan sasanci. Bayan nan sai kasuwa. Manajan da ya san aikinsa yana iya faɗa maka, ba tare da duba takarda ba, waɗanne 'yan wasansa ne za su fita kasuwa bana, waɗanne baɗi, waɗanne baɗin baɗaɗa, kuma wa yake renowa a ƙananan ƙungiyoyi da zai gaji kowane.

Ilimin ƙirga kwana yana da fuskar da ba ta da daɗin kallo. A 2015 Chicago Cubs tana da wani matashi, Kris Bryant, da ya fi kowa haskawa a wasannin share fage. Suka tura shi ƙaramar ƙungiya, suka ce akwai abin da zai ƙara koya. Ranar 17 ga Afrilu suka kira shi. Da aka tattara lissafin shekara, kwanansa 171, saura kwana ɗaya tak ya cika, wanda ke nufin sai ya yi musu kaka bakwai kafin ya samu 'yancin da ake samu a shida. Ya kai ƙara, ya faɗi a 2020. Wannan wayo ne, kuma ni ban sa shi a sahun gwaninta ba. Yarjejeniyar 2022 ta rage masa kaifi: matashin da ya zo na ɗaya ko na biyu a zaɓen gwarzon sababbin shiga ana rubuta masa shekara cikakkiya, ko yaushe aka kira shi.

Kwana biyar na farko bayan World Series, 'yantattun 'yan wasa ba sa iya sa hannu da kowa sai tsohuwar ƙungiyarsu. A cikin kwana biyar ɗin nan manaja zai yanke wa zai miƙa wa tayin riƙo. Tayi ne na shekara guda, kuma ba shi ke sa farashin ba: ana tara albashin mutum 125 da suka fi kowa samu a gasar, a raba daidai. A ƙarshen 2024 ya kama dala miliyan 21.05. In ɗan wasa ya ƙi ya tafi wata ƙungiya, wadda ya bari tana samun diyya, wato ƙarin gurbi a zaɓen matasa na Yuli, wadda ta ɗauke shi kuma ta rasa nata. In ya karɓa fa, sai a biya. Don haka kafin ya miƙa, sai manaja ya karanci zuciyar mutumin da kuma zafin kasuwa, ya tabbata ko dai za a ƙi, ko kuma in an karɓa ba zai yi da-na-sani ba. A shekarar mutum 13 aka miƙa wa, mutum ɗaya ya karɓa, Nick Martinez na Cincinnati.

Daga nan sai aikin kujeru arba'in, wanda a ganina shi ne zuciyar sana'ar, ko da yake jaridu ba sa sa shi a shafin farko. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa sama da ɗari da hamsin in an haɗa da na ƙananan ƙungiyoyinta, amma mutum 40 kaɗai take iya rubutawa a jerin da ke ƙarƙashin kariyarta, kuma daga cikinsu ake fitar da 26 da ke buga wasa. Matashin da aka ɗauka yana ɗan 18 ko ƙasa, in ya yi kaka biyar ba a sa shi a arba'in ɗin ba, ya zama na mai rabo. Wanda aka ɗauka yana ɗan 19 ko sama, kaka huɗu. A Disamba akwai zama na musamman, zaɓen Doka ta 5, inda kowace ƙungiya za ta iya miƙa dala 100,000 ta tsince shi. Sharaɗin dai shi ne ta riƙe shi a babbar gasa kakar gaba ɗaya, ko ta mayar da shi ga masu shi a rabin kuɗin.

To ka dubi abin da ke gaban manaja a tsakiyar Nuwamba. A ce kujera uku ta rage masa, matasa bakwai kuma wa'adinsu ya cika. Ba tambayar wa ya fi iyawa kaɗai zai yi ba. Zai tambayi kansa: wa wata ƙungiya za ta iya ɓoyewa a benci har wata shida? Mai jifa mai ƙarfin hannu yana da sauƙin ɓoyewa, a riƙa sako shi in wasa ya riga ya lalace, don haka shi ake fara karewa. Mai bugu ɗan shekara 21 da bai wuce matakin ƙasa ba, da wuya wani ya ɓata masa kujera, sai a bar shi a waje ana addu'a. Kuskure a nan ba ya goguwa. A 1954 Brooklyn Dodgers ta bar wani yaro ɗan Puerto Rico ba kariya, Pittsburgh ta ɗauke shi a kan dala 4,000. Roberto Clemente ke nan, wanda ya yi musu kaka 18. A 1999 Houston ta bar wani mai jifa ɗan Venezuela, Johan Santana, ya ƙare a Minnesota, ya zama gwarzon masu jifa na rukuninsa a 2004 da 2006. Minnesota ɗin ma ba ta tsira ba: a Disamban 2002 ta sallami David Ortiz don gudun ƙarin albashin da zai nema, Boston ta tsince shi a araha, ya taya ta cin kofi uku.

Kafin a fita saye, sai an san darajar abin da za a saya. Idanu iri biyu ake aiki da su. Na farko na masu farautar 'yan wasa ne, waɗanda suka shafe kakar suna zaune a bayan mai cafke ƙwallo da littafin rubutu da na'urar auna gudu. Suna sa maki daga 20 zuwa 80 a kan kowace baiwa, gudu da ƙarfin hannu da ƙarfin bugu, 50 ce tsaka-tsaki. Suna kuma lura da abin da na'ura ba ta gani: yadda mutum ke yi bayan ya yi kuskure, ko yana zuwa atisaye da wuri, ko kafaɗarsa ta fara sauka in ya gaji. Na biyu na masu lissafi ne. Tun 2015 kowane fili yana da na'urorin da ake kira Statcast, masu auna saurin fitar ƙwallo daga sanda, da kusurwar da ta tashi, da yawan juyin da take yi a iska, wanda a jifa mai sauri ya kan haura 2,000 a minti. Da wannan ake gane mai bugun da ya yi rashin sa'a, yana maka ƙwallo da ƙarfi tana faɗawa hannun masu tsaro, daga wanda ya yi sa'a da bugu mai rauni. Na farkon araha yake a kasuwa, kuma shi ake nema.

Duk wannan ana narka shi a ma'auni guda da suke kira WAR, wanda ke amsa tambaya ɗaya: wasa nawa wannan mutum ya ƙara wa ƙungiya a kan abin da kowane ɗan cike gurbi zai ba ta? Ƙungiyar da aka cika da 'yan cike gurbi zalla za ta ci kimanin wasa 48 cikin 162. Wadda ke son shiga wasannin fitar da gwani tana buƙatar kusan 90. Wato manaja yana neman wasa arba'in da 'yan kai, kuma a kan allonsa an rubuta inda kowanne zai fito: ɗan wasa na yau da kullum ya kawo biyu, tauraro biyar, gwarzon shekara takwas ko fiye. In ya tara ya ga 34, ya san takwas yake nema, ya san nawa ke aljihunsa, sannan ya fara tunanin ko mutum ɗaya mai tsada zai saya ko uku masu sauƙi.

Oakland ta shiga hunturun 2001 da irin wannan giɓi. Taurarinta uku sun fice lokaci guda, Jason Giambi da Johnny Damon da Jason Isringhausen, kuma kasafinta kimanin dala miliyan 40 ne alhali na New York Yankees ya haura 120. Manajanta Billy Beane bai nemi wani Giambi ba, don ba shi da kuɗinsa. Ya lura cewa kasuwa ba ta biyan mai haƙuri, wanda ke ƙin dukan jifar da ta kauce, domin in ta kauce sau huɗu ana ba shi tashar farko kyauta. Ya ɗauko Scott Hatteberg, mai cafke ƙwallo da jijiyar gwiwar hannunsa ta lalace har ba ya iya jifa, a kan ƙasa da dala miliyan ɗaya, aka koya masa tsaron tashar farko daga tushe. Oakland ta ci wasa 103 a 2002, ciki har da 20 a jere, kuma bugun Hatteberg ne ya rufe na ashirin ɗin.

Akwai kuma manajan da ba ya son wahalar allo. Shi sunan da ya fi amo yake nema, ya je wurin mai ƙungiya ya karɓo kuɗi, ya kira 'yan jarida. Matsalar ita ce, yawancin 'yan wasa suna kai ƙololuwarsu kafin shekara 30, kuma a daidai nan suke fitowa kasuwa, don haka mai saye yana biyan aikin jiya ne ya karɓi jikin gobe. A Disamban 2011 Los Angeles Angels ta ba Albert Pujols shekara goma a kan dala miliyan 240, yana dab da cika 32. Babu mai musun girmansa, sau uku yana zama gwarzon shekara a St. Louis. Amma duk zamansa da Angels ba su ci ko wasa ɗaya na fitar da gwani ba, suka sallame shi a Mayun 2021 kwangilar ba ta ƙare ba.

A farkon Disamba kowa da kowa ke haɗuwa a babban otal guda don taron hunturu, San Diego a 2022, Nashville a 2023, Dallas a 2024. Kowace ƙungiya ta kama ɗaki ta mayar da shi ofis, wakilan 'yan wasa suna hawa suna sauka. Wakili ma gwani ne a nasa fagen. Scott Boras ya yi suna wajen zuwa da kundi mai kauri a kan kowane ɗan wasansa, cike da alƙaluma da kwatance da manyan da suka gabata, da kuma iya jira har masu saye su ƙosa. Shi ya samo wa Alex Rodriguez dala miliyan 252 a 2000, shi ya samo wa Juan Soto miliyan 765 na shekara 15 a New York Mets a 2024. Gaban irin wannan mutum, manaja yana zuwa ne da adadin da ba zai wuce ba, wanda ya rubuta tun hankalinsa na kwance. Wani lokaci kuma ba kuɗi ke gama magana ba. A Nuwamban 2003 Theo Epstein, manajan Boston, yana ɗan 29, ya tafi har Arizona ya ci abincin bikin godiya a gidan ɗan wasa Curt Schilling, ya kwashe kwanaki yana rarrashinsa ya yarda a yi musayarsa zuwa Boston. Shekarar da ta biyo Boston ta ci kofin da ta yi shekara 86 tana nema.

In an daidaita a kan mutum, sai ɗinkin kwangila, kuma a nan ake ganin hannun tela. MLB ba ta da rufin albashi, amma tana da harajin wuce iyaka. A 2024 iyakar dala miliyan 237 ce. Wanda ya haura karo na farko ya biya kashi 20 cikin ɗari na abin da ya haura, shekara ta biyu a jere kashi 30, ta uku kashi 50, da ƙari in ya yi nisa. Ba abin da aka biya a shekarar ake ƙirgawa ba, matsakaicin kwangilar ake ɗauka. A Disamban 2023 Shohei Ohtani, ɗan Japan da ke jifa kuma yake bugu, ya sa hannu da Los Angeles Dodgers a kan dala miliyan 700 na shekara goma. A lissafin kai tsaye miliyan 70 ke nan a shekara, kusan kashi uku cikin goma na iyakar a kan mutum ɗaya. Sai aka yanka ta wata siga: miliyan 2 kacal zai riƙa karɓa a shekara, sauran miliyan 680 a biya shi daga 2034 zuwa 2043, ba kuɗin ruwa. Duk wanda ya taɓa ajiye kuɗi ya ga tsadar kaya ta cinye su ya san dalar da za a ba ka bayan shekara goma ba ta kai ta yau ba, kuma dokar gasar ta yarda da haka. Da aka mayar da kuɗin darajarsu ta yau, nauyin Ohtani a ma'aunin haraji ya sauko kusan miliyan 46. Ba kyauta ba ce, dole ƙungiyar ta riƙa ware kuɗin tana ajiyewa, amma ta samu sarari.

Sararin bai kwana ba. A Disamban 2023 ɗin suka ɗauko mai jifa Yoshinobu Yamamoto a kan miliyan 325 na shekara 12. Shi da yake yana ƙarƙashin Orix Buffaloes ta Japan, akwai ladan saki da ake biyan ƙungiyarsa, kuma an tsara shi hawa-hawa: kashi 20 na miliyan 25 na farko, miliyan 5 ke nan, kashi 17.5 na miliyan 25 na biyu, miliyan 4.375, kashi 15 na sauran miliyan 275, miliyan 41.25. Jimla miliyan 50 da dubu 625. Mai jan ragamar wannan aiki, Andrew Friedman, ya fara ne a harkar hada-hadar kuɗi a New York, ya koyi sarrafa ƙaramin kasafi a Tampa Bay kafin ya zo Dodgers a 2014. Ohtani ya sa an rubuta masa cewa in Friedman ya bar muƙaminsa, shi ma yana da damar ficewa. Dodgers ta ci kofi a 2024, ta sake a 2025, Yamamoto ne gwarzon karawar ta biyu.

Jinkirta biya wuƙa ce, ya danganta da hannun da ta shiga. A 2000 Mets tana son rabuwa da ɗan wasanta Bobby Bonilla, saura dala miliyan 5.9 a kanta. Maimakon ta biya ta huta, ta yarda ta ɗage da ruwan kashi 8, domin masu ƙungiyar sun zuba dukiyarsu wurin Bernie Madoff suna ganin ribarsu za ta fi haka. Madoff ya tabbata ɗan damfara. Bonilla kuwa duk ranar 1 ga Yuli, daga 2011 har 2035, yana karɓar kusan dala miliyan 1.19.

Ko an tafa hannu, magana ba ta ƙare ba sai likita ya duba. A Disamban 2022 San Francisco ta daidaita da Carlos Correa a kan miliyan 350 na shekara 13, har an shirya taron gabatar da shi. Hoton ƙafarsa ta dama, wadda ya karya a 2014 aka sa mata ƙarfe, ya sa suka ja baya. Mets ta yi wuf ta ce miliyan 315 na shekara 12, ita ma da ta ga hoton ta tsaya. Ya koma Minnesota a kan miliyan 200 na shekara shida. Ƙafar ba ta hana shi wasa a lokacin ba. Abin da likitocin ke ƙoƙarin karantawa shi ne yadda za ta kasance yana ɗan 38, kuma fasa cinikin da duk gari ya riga ya yi murnarsa yana buƙatar irin nasa ƙarfin hali.

Ƙarshen aikin, kuma mafi ɗaci, shi ne zaman sasanci na Fabrairu. A kasuwarmu mai saye ya taya ƙasa-ƙasa, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a haɗu a tsakiya, don haka kowa ya san amfaninsa ne ya fara daga nesa. Tsarin besbol, wanda aka fara a 1974, ya toshe wannan hanya. A Janairu ɗan wasa ya rubuta adadinsa, ƙungiya ta rubuta nata. Alƙalai uku su saurari kowane ɓangare awa guda, da rabin awa na mayar da martani, sannan su zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Ba tsakiya, ba bayanin dalili. Wanda ya zaƙe shi ke faɗuwa, don haka tsarin da kansa ke tura kowa kusa da gaskiya, kuma yawancin shari'un ana sulhunta su kafin a shiga ɗakin. Hujjar da ake karɓa a ƙayyade take: aikin bara, tarihin ɗan wasa, lafiyarsa, da albashin tsararrakinsa. Ba a karɓar kukan cewa ƙungiya ba ta da kuɗi, ba a kawo abin da jarida ta rubuta. Gwanintar tana wajen zaƙulo tsara, wato wani ɗan wasa mai shekarun aiki iri ɗaya da alƙaluma masu kama, wanda albashinsa ya faɗo ta gefenka na tsakiyar adadin biyu. A wannan ɗaki Kim Ng ta fara nuna kanta a 1995, tana gabatar da hujjar Chicago White Sox, shekara 25 kafin Miami ta naɗa ta mace ta farko da ta zama babbar manaja a MLB.

Abin da ke sa ɗacin shi ne ɗan wasan yana zaune yana ji. A Fabrairun 2023 Corbin Burnes, gwarzon masu jifa na 2021, ya nemi dala miliyan 10.75, Milwaukee ta ce 10.01. Ƙungiyar ta yi nasara, ta tsira da dala 740,000, shi kuma ya fito ya shaida wa manema labarai cewa zumunci ya samu rauni, domin ya ji ana ɗora masa alhakin rashin kaiwarsu wasannin fitar da gwani. Ko cinikin ya biya? Ina shakka. Amma Milwaukee ƙaramin gari ne, kuma ofishinta, ƙarƙashin Matt Arnold, da kalanda yake rayuwa. A Nuwamban shekarar kocinsu Craig Counsell ya tsallaka Cubs a kan miliyan 40 na shekara biyar, kuɗin da ba a taɓa ba wani koci ba. Ba su shiga gasar farashi ba, suka ɗaga mataimakinsa Pat Murphy, wanda ya riga ya san kowane yaro a gidan. A Fabrairun 2024, saura wa Burnes kaka ɗaya ya cika shekara shida, suka miƙa shi Baltimore suka karɓi matasa biyu, Joey Ortiz da DL Hall, waɗanda lissafin kwanakinsu bai yi nisa ba, da gurbi ɗaya a zaɓen matasa. Burnes ya samu abin da ya cancanta a Disamba, miliyan 210 na shekara shida a Arizona. Milwaukee ta ci wasa 93 a 2024, goma sama da Cubs ɗin Counsell, aka zaɓi Murphy gwarzon koci. A 2025 ta ci 97, fiye da kowace ƙungiya a gasar.